Yadda ake zuwa Elmina ta ƙasar Ghana a sha kallo a dawo lafiya

Tunda na dawo mutane suke ta damuna a waya, wai ya hanyar take, me zan riƙe, akwai abincin da mutum zai iya ci kuwa, akwai masallaci? To na gaji da maimaitawa ɗaya bayan ɗaya shi yasa nace bari kawai in zauna in rubuta gaba ɗaya. Elmina ɗan ƙaramin gari ne na masunta a bakin teku, yamma da Accra, kusa da Cape Coast, mutanen garin Fante ne kuma su a bakinsu Edina suke ce masa. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: kar ka yi irin ta masu tasowa daga Accra da safe su leƙa su ɗau hoto su juya da yamma. Wallahi asarar kuɗin mota ce. Ka ware kwana uku, ka kwana a garin, kuma ka nemi 'yan uwanka na zango, wato unguwar Hausawa da sauran musulmi, tun ranar da ka sauka. Sauran duk bayani ne.

Da farko, takardu

In kana da fasfo ɗin Najeriya mai tambarin ECOWAS baka buƙatar biza, kana da damar zaman kwana 90. Amma ka duba ranar ƙarewarsa tun a gida, kar sai kaje bakin boda ka tarar saura masa sati biyu. Abu na biyu da mutanenmu suke rainawa shine katin allurar shawara, wannan katin mai ruwan ɗorawa. Kaje kayi allurar da gaske a baka na gaske, kuma ya zamana ta kai kwana goma da yi kafin ranar tafiya. Ni a ɗaya daga cikin bodojin hanya da idona naga an sauke wani bawan Allah mai katin da aka rubuta masa a tasha, muka zauna kusan awa guda mota cike ana jiransa, yara na kuka, shi kuma yana ta rantse-rantse. Kayi hoton fasfo da katin a wayarka ka kuma tura ma wani a gida.

Hanya

Mai hali ya hau jirgi daga Legas ko Abuja, daga Legas kusan awa ɗaya ce ka sauka Accra. Mu 'yan ƙasa kuwa sai mota. Ka fara kai kanka Legas, can akwai manyan motocin da ke zuwa Accra kai tsaye, irin su ABC da GUO da Chisco, ka sayi tikiti tun jiya domin da sassafe suke tashi. Tafiyar bata kai kilomita 500 ba amma boda uku zaka tsallake: Seme tsakanin Najeriya da Benin, sai Hilakonji tsakanin Benin da Togo bayan kun wuce Kwatano, sai ku ratsa Lome wanda ƙasar ma gaba ɗaya faɗinta ta bakin teku bai wuce kilomita hamsin da 'yan kai ba, sai Aflao nan ne ƙofar Ghana. Saboda bodojin nan tafiyar da ya kamata ta ci rabin yini sai ta cinye yini guda cur. Amfanin babbar mota shine yaran motar su ke tattara fasfo su kai a buga, kai dai ka zauna ka sa ido, in an dawo da naka ka buɗe ka tabbatar an buga hatimin fita da na shiga kafin mota ta tashi. Mai bin ƙananan motoci guntu-guntu zai rage kuɗi amma shi zai yi ta fama da kowane tebur da kansa, in karon farko ne ban baka shawara ba.

Ka riƙe 'yar sefa kaɗan ta ruwa da bayan gida a Benin da Togo. Kana shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya, ita da Ghana suna bayanmu, ni na manta da haka sai gani na tashi sallar asuba gari tsit ina mamakin ladanan Accra da barci.

Accra, ko Ankara kamar yadda tsofaffin zango ke ce mata

Ka kwana ɗaya a nan ka gama shirinka. Unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango kana shiga zaka ji kamar baka bar gida ba, Hausa ko'ina, kiran sallah ko'ina, ga babban masallacin ƙasa a Kanda da Turkiyya ta taimaka aka gina aka buɗe a 2021, yana da kyau ka leƙa. Hausar tasu dai sai ka ɗan saba, basu cika raba mace da namiji ba, sai kaji ance "matata ya tafi kasuwa", kar ka kuskura kayi dariya ko ka fara gyara musu, tasu ce haka suka gada, kuma sun fi ka sanin garin.

Abu biyu zaka yi a Accra. Canji, kuɗinsu sidi ne, ƙananan kuma pesewa. Ka canza a shagon canji mai lasisi ka ƙirga a gaban mai shi, kuma ka nemi ƙananan takardu da yawa saboda a Elmina mai tasi da mai kifi basu da canjin babbar takarda, ko suna da shi ma zasu ce babu. Na biyu layin waya, kaje ofishin kamfanin da fasfo ɗinka su yi maka rajista, ka sa data. Mutanen Ghana suna yawan biya da MoMo, wato tura kuɗi ta layin waya, in layinka ya samu to ka huta, in bai samu ba tsabar kuɗi tana aiki ko'ina. Katin bankinka na gida kar ka dogara da shi ko kaɗan. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, cajarka zata shiga.

Daga Accra zuwa Elmina

Tashar Kaneshie zaka je ka nemi motar Cape Coast. Akwai tirotiro, wato bas ɗin haya tasu ta talakawa, akwai kuma ƙananan bas masu iyakwandishan da suka ɗan fi tsada, na fi son na biyun don basa tsaye-tsaye a hanya. Kilomita kusan 150 ne, awa uku in Allah ya taimake ka, amma akwai wani gari da ake kira Kasoa a bakin fita Accra, gosulon wajen sai wanda ya gani. Maganinsa sammako kawai, kana idar da asuba ka kama hanyar tasha. (Sunan garin ma daga kalmarmu ta kasuwa ya samo asali, fatake 'yan arewa ne suka raya wajen.) Zaku wuce mararrabar Winneba, Mankessim, Saltpond, Anomabo, daga nan teku zata fara leƙo ka ta hannun hagu tsakanin bishiyoyin kwakwa. In ka taso a Kano ko Zinder baka taɓa ganin ruwan da babu ƙarshensa ba, to ka zauna ta tagar hagu.

A Cape Coast ka sauka ka hau tasin haɗaka zuwa Elmina, kilomita goma sha biyu zuwa sha uku ne, minti ashirin. Ka faɗa da bakinka cewa ta haɗaka kake so, in ba haka ba direba na ganin jaka zai ɗauke ka shata ya caje ka kuɗin mutum huɗu.

Masauki

Akwai manyan otal a bakin ruwa irin su Coconut Grove ga mai iyali da kuɗi, akwai kuma ƙananan gidajen saukar baƙi a cikin gari da hanyar Cape Coast. Kafin ka biya kace a nuna maka ɗakin, ka buɗe famfo, ka kunna fanka, ka duba ragar taga domin sauron bakin ruwa ba ya wasa. Ka kuma tambaya ko akwai mashaya a jikin gidan, in akwai to daren Juma'a da Asabar ba barci, kiɗa har biyun dare. Haka ma in coci na makwabtaka. Ni daren farko ban tambaya ba, na kwana ina juyi da filo a kai.

Bayan ka ajiye kaya, ka tambayi kowane mai shago ina zango, ina masallaci. Kaje kayi sallah cikin jam'i, bayan an sallame ka matsa ka gaida liman da dattawa kace kai baƙo ne daga wuri kaza. Ni haka nayi, wani dattijo ya riƙe hannuna yana tambayata ya Kano ya mutanen gida, nace Baba duk suna gaisuwa, nan take ya kira wani saurayi yace "ka kai yayanka ya ci abinci, gobe ka raka shi". Yaron nan shi ya nuna min mai tasin kirki, shi ya hana a cuce ni a kasuwar kifi, kuma da zan tafi na bashi ɗan abu sai da muka yi ta ja kafin ya karɓa. Babu wani abu a intanet da zai maka wannan aikin. Maganar alƙibla kuma in sallah ta kama ka a waje: bakin tekun wajen ya miƙe ne ta gabas yana ɗan karkata arewa, don haka in ka bar teku a damanka ka fuskanci wajen Accra to kusan ka dace.

Abinci, nan fa babu matsala

Da yawa daga cikin abincin titi na Ghana sunan Hausa gare su. Da safe ka nemi mai koko da ƙosai, su ma Hausa koko suke ce masa, da citta da kanumfari yana cizon harshe. Waakye da kake ji ana yabo shinkafa da wake ce, daga wake sunan ya fito, sai dai su suna dafa ta da karan dawa tayi ja, a zuba taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji mai suna shito. Akwai tuwon zafi, akwai tsire da suke kira cicinga, akwai zoɓo da suke kira sobolo, kuma yawanci masu sayar da waɗannan ɗin Hajiyoyin zango ne, ka gaida ta da Hausa kaga yadda za'a cika maka kwano. Amma kar kaje bakin teku ka ƙare a shinkafa da wake. Ka ci dokunun Fante, wani tuwon ƙullun masara ne da ake naɗewa a busasshen ganyen ayaba, yana da ɗan tsami, da soyayyen kifi da aka fito da shi daga ruwa a ranar da ɗanyen yaji da albasa. Cin farko zaka ɗan yatsine fuska, na biyu kai da kanka zaka nema. Inda zaka kula shine nama a gidajen abincin da ba na musulmi ba, ana cin alade sosai a kudancin Ghana kuma wani lokacin har a miya ake sa ƙafarsa, to a irin wajen ka tsaya a kifi kuma ka tambaya me ke cikin miyar. Ruwa ka sha na leda ko na gora.

Gidan bayi

Wannan shine dalilin zuwan, kuma ka bashi safiya guda cikakkiya. Ƙaton farin gini ne a kan dutse a bakin ruwa, ko ta ina ka shigo gari shi zaka fara hangowa. Turawan Fotugal suka fara isowa wajen a 1471, suka gina shi a 1482 don cinikin zinariya, daga nan ma sunan ya fito, mina a yarensu mahaƙa ke nan. 'Yan Holan suka ƙwace shi a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. A tsakanin nan ɗakunan da aka gina don ajiye kaya suka koma na ajiye mutane. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Tun kafin ka kai ƙofa samari zasu tare ka da fara'a, sannu da zuwa, ya sunanka, daga ina. Ka sani in ka faɗi sunan, kana fitowa zaka tarar an rubuta shi da alƙalami a jikin ƙwaryar katantanwar teku an miƙo maka wai kyauta ce, sai kuma a fito da takardar neman taimakon ƙungiyar ƙwallo. Ba mugaye bane neman abinci ne, in kana so ka saya, in baka so kayi murmushi kace na gode ka wuce ba tare da ka bada suna ba. A ƙofa akwai kuɗin ɗan ƙasa akwai na baƙo, ka biya na baƙo ka karɓi rasit, kar ka tsaya ƙaryar kai ɗan Ghana ne, kana buɗe baki za'a gane. Za'a haɗa ku rukuni a baku mai zagayawa da ku, da Turanci yake bayani, wajen awa ɗaya ne.

Zai fara kai ku kurkukun mata. Ɗaki ne na dutse, duhu, iska bata shiga sai ta wani ɗan rami, kuma har yau akwai wani wari a ciki mai nauyi da ban san da me zan kwatanta shi ba, shekara ɗari biyu da daina zuba mutane amma bai fita ba. A tsakar gidan matan in ka ɗaga kai akwai baranda, nan gwamna ke tsayawa a fito masa da su ya nuna wadda yake so, a wanke ta a hau da ita ta wani tsanin katako da ke ɓullewa sashensa. A ƙasa akwai dunƙulen harsashin igwa, wadda ta ƙi sai a ɗaure ƙafarta a jikinsa a bar ta a rana. Na gwada ɗaga shi da hannu biyu. Daga nan sai wani ɗan ɗaki da aka zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa a saman ƙofarsa, wanda yayi tawaye nan ake jefa shi ba ci ba sha har ya mutu. Mai zagayawa da mu ya shigar da mu ya rufe ƙofar na ɗan lokaci, wallahi bai kai minti ɗaya ba amma sai da wata mata ta fara salati da ƙarfi. Kuma duk wannan, a tsakiyar gidan coci ne na 'yan Fotugal, a sama kuma na 'yan Holan, suna ibada mutane na mutuwa ƙarƙashin ƙafarsu. Ƙarshe sai ku sunkuya ku bi ta wani lungu zuwa ƙofar da suke kira wadda in an fita ba'a dawowa, 'yar siririya ce mutum ɗaya ma sai ya karkace, ta cikinta kana hango ruwa da kwale-kwalen masunta.

A nan zan ɗan tsaya, domin naga wasu 'yan uwanmu suna zagaya wajen kamar labarin wasu ne can. Ba haka bane. Mutanen da aka zuba a ɗakunan nan da yawansu daga arewa aka gangaro da su, kuma babbar kasuwar da ke haɗa arewa da kudu a wancan zamanin ita ce Salaga ta ƙasar Gwanja, wadda fataken Kano da Katsina suka yi ta zarya cikinta neman goro, kuma ba goro kaɗai ake ciniki a kasuwar ba. Hausawan da aka sayar aka tsallaka da su teku, akasarinsu ta Legas da Badagry da Wida ta ƙasar Benin ta yau aka fitar da su zuwa Bahia ta Brazil, har suna cikin waɗanda suka yi boren bayi musulmi na 1835 a can. Wato muna cikin masu sayarwa muna cikin waɗanda aka sayar. Sannan da Ingila zata yaƙi Asante a 1873 zuwa 1874, sojojin Hausa da Kyaftin Glover ya tara a Legas suna cikin waɗanda aka kawo, wasunsu basu koma ba, suna cikin tushen zangunan bakin teku. A saman ginin za'a nuna maka ɗakin da aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya bayan an kama shi a 1896, kafin a kai shi Saliyo daga can Seychelles, bai dawo gida ba sai 1924. Duk wanda ya san labarin yadda Turawa suka yi da sarakunanmu a 1903 zai gane ɗakin nan.

Zaka haɗu da baƙaƙen fata daga Amurka da Jamaika sun zo da furanni suna kuka. Dan Allah ka kama kanka, ba wajen ɗaga waya ana dariya ana bidiyon TikTok bane. In kun gama ka ɗan ba mai zagayawar wani abu, ba dole bane amma ya kamata.

Da yamma, tudu da gada

Gaban gidan bayin akwai wani tudu da ƙaramar ganuwa a kansa, St. Jago. Daga kan tudun nan 'yan Holan suka saita igwa suka ci 'yan Fotugal, shi yasa da suka karɓa suka gina wajen don kar wani ya musu irin abin da suka yi. Hawan minti goma ne, ka bari sai bayan la'asar, daga sama zaka ga garin gaba ɗaya, bakin kogin Benya cike maƙil da kwale-kwale, can baya kuma filayen da ake shanya ruwan gishiri. Rana a nan wajen ƙarfe shida take faɗuwa kusan duk shekara kuma duhu na saurin rufawa, ka sauko da wuri. A cikin gari kana tafe zaka riƙa ganin wasu gine-gine masu gumakan siminti fenti kala-kala, harda mai jirgin ruwa a kansa, na ƙungiyoyin mayaƙan gargajiya ne da ake kira Asafo, posuban sunansu. Ka kalla daga waje, in zaka ɗau hoto za'a iya cewa ka biya. Akwai kuma tsohuwar maƙabartar 'yan Holan ta 1806 ga mai sha'awa, ni dai leƙawa kawai nayi.

Washegari ana idar da asuba kaje kan gadar Benya ka tsaya. Wannan kyauta ne kuma a wajena ya fi komai daɗin kallo. Kwale-kwalen da suka kwana a teku suna shigowa ɗaya bayan ɗaya ta ƙarƙashin ƙafarka, manya ne an sassaƙa gindinsu daga icce guda, kowanne da tutoci da fenti da rubutun addu'a ko tambarin ƙungiyar ƙwallo, samari tsaye a ciki jiƙe sharkaf suna waƙa, mata a bakin ruwa da manyan bahuna suna ƙwala kira, ƙarnin kifi da hayaƙin banda sun cika ko'ina. Cinikin kifin duk a hannun mata yake kuma basa son a ɗauke su hoto ba izini, in ka ɗaga waya zaka sha zagin da baka jin yarensa amma zaka gane zagi ne. Ka gaisa tukun, ka sayi ɗan wani abu, sannan ka roƙa. Kar ka sa takalmin da kake ji da shi. Kuma kar ka shirya wannan ranar Talata, masuntan basa fita teku ranar Talata, al'adarsu ce, zaka tarar suna zaune suna ɗinkin raga.

Kewaye

Dajin Kakum yana arewa da Cape Coast da kusan kilomita 30. Abin da ake zuwa yi shine tafiya a kan gadojin igiya da aka ɗaura daga bishiya zuwa bishiya, guda bakwai, tsawonsu gaba ɗaya wajen mita 350, wani wajen tsakaninka da ƙasa ya kai mita 40, an buɗe su a 1995. Faɗin katakon da kake takawa bai wuce na tsani ba kuma yana lilo, amma akwai raga ta kowane gefe har ƙirji. Mai tsoro akwai gajeriyar hanya ta gada uku. Kafin ka kai gadar ma akwai hawan tudu cikin daji da zai fitar maka da gumi, don haka babbar riga da takalmi sau-ciki ka barsu a ɗaki, Hajiya kuma ta sa wando a ƙarƙashin doguwar riga ta ɗaure mayafi da kyau. Ka isa da wuri kafin motocin 'yan makaranta, in suka cika gadar da tsalle da ihu ba zaka ji daɗi ba. Kar ka sa ran ganin giwa, akwai su a dajin amma suna can ciki, kai dai tsuntsaye da malam-buɗe-littafi da kan bishiyoyi zaka gani. Mafi sauƙi ka yi shatar tasi ya kai ka ya jira ya dawo da kai, ku gama ciniki tun kafin ka shiga, kuɗin kuma sai an dawo. A hanyar akwai Hans Cottage inda kadoji ke kwance a bakin tafki, ana tsayawa a sha lemo.

A dawowa ka tsaya gidan bayi na Cape Coast, wanda Obama ya ziyarta a 2009. Shi na Ingila ne kuma garin shine hedikwatar mulkinsu har 1877 da aka mayar Accra, gidan tarihin da ke cikinsa ya fi na Elmina bayani. In zuciyarka ta ɗauka ka shiga, in na jiya ya ishe ka babu laifi ka wuce kasuwar Kotokuraba, akwai 'yan uwa da masallaci a kusa. Mai sauran kwana ɗaya ya ƙarasa Assin Manso a hanyar Kumasi, wajen awa ɗaya, nan ne rafin da ake yi wa bayin da aka gangaro da su daga arewa wankan ƙarshe kafin a kai su bakin teku.

Teku kuma, ina roƙonka da girman Allah. Iyon da ka koya a kududdufi ko dam ɗin garinku ba shi bane wannan. Igiyar ruwan wajen tana ja ta ƙasa, kana tsaye ruwa iya gwiwa sai kaji yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafarka. In kana son zama a bakin ruwa mai tsabta kaje Brenu, yamma da Elmina kaɗan, ka sha ruwan kwakwa, ka jiƙa ƙafa iya idon sawu, yara kuma hannunsu a naka. Bakin ruwan cikin gari ba na zama bane, wajen aikin masunta ne kuma ba shi da tsabta. Lambar gaggawa a Ghana 112 ce.

Lokacin zuwa da 'yan ladubba

Damina mai ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuni take, sai wata ƙarama wajen Satumba da Oktoba. Nuwamba zuwa Maris ya fi sauƙin yawo, sai dai Disamba baƙi na cika ƙasar komai yayi tsada. Mai son biki ya nufi Talatar farko ta Yuli, ranar Bakatue, da ake buɗe kogin Benya da jerin kwale-kwale da sarakuna cikin laima, ko Asabar ɗin farko ta Satumba don Fetu Afahye a Cape Coast, amma ka kama ɗaki tun da wuri kuma ka san akwai abubuwan gargajiya da shaye-shaye a ciki, ka kalli abin da zaka iya kallo. Mutanen wajen suna son gaisuwa kamar mu, kar ka tambayi hanya baka gaisa ba, kar ka miƙa kuɗi da hagu, in an maka abu kace medaase, wato na gode. Sannan ka rage ɗaga murya a ciniki, dama ana mana kallon 'yan Najeriya masu hayaniya, kar ka ƙara musu hujja.

Ranar komawa ka sayi tsaraba tun jiya: kwalbar shito a naɗe ta da leda biyu don in ta fashe a jaka kayanka sun tashi aiki, bandar kifi, cakulan ɗin Ghana na yara, ɗan ƙyallen kente na uwargida. Ka koma masallaci kayi sallama da dattawan da suka karɓe ka. Ka fito da asuba saboda Kasoa tana nan tana jiranka, musamman yammacin Lahadi, sauran sidin da ya rage a aljihunka kuma ka canza shi a Aflao kafin ka tsallaka, in ka kawo shi gida da wuya ka samu mai karɓa da daraja.